Yadda manhajojin ɗaukar kwafin rumbun bayanai ke aiki daga ciki

Kuɗin da aka aika daga Maraɗi zuwa Damagaram ta kamfanin aika kuɗi, da sunan majinyacin da aka shigar a kwamfutar asibiti, da saƙon da ya faɗo a WhatsApp, duk wuri iri ɗaya suke sauka, wato rumbun bayanai. Rumbun bayanai manhaja ce da ke tsara bayanai a kan faifan kwamfuta, ta ba mutane da yawa damar karantawa da rubutawa a lokaci guda ba tare da lissafi ya rikice ba. Ranar da faifan ya mutu, ko gobara ta tashi, ko wani ma'aikaci ya goge abin da bai kamata ba, abin da zai ceci ma'aikatar shi ne kwafin ajiya, wanda masu sana'ar ke kira "sauvegarde" da Faransanci.

Akwai manhajoji na musamman da aka ƙera don wannan aiki. PostgreSQL na da pg_dump da pg_basebackup, MySQL na da mysqldump, kamfanin Percona ya fitar da XtraBackup, Oracle kuma na da RMAN. Sunayensu daban-daban, amma matsalar da suke kokawa da ita ɗaya ce: yadda za a kwafe abin da ba ya tsayawa wuri guda.

Abin da ke cikin rumbun

A idon mai amfani, rumbun bayanai jadawali ne mai layuka: layi guda na kowane abokin ciniki, da sunansa, da lambar asusunsa, da kuɗin da ke ciki. A kan faifai kuwa ba haka abin yake ba. Ana yanka fayilolin rumbun gida-gida masu girma ɗaya, ana kiran kowane gida shafi. A PostgreSQL shafi guda kilobayit 8 ne, a InnoDB, injin da MySQL ya fi aiki da shi, kilobayit 16 ne, a SQLite kuma kilobayit 4. Rumbu mai girman gigabayit 100 a PostgreSQL yana da shafuka sama da miliyan 13.

Rubutu a kan faifai yana da jinkiri, shi ya sa rumbun ba ya zuwa faifai duk lokacin da aka canja wani abu. Yana ɗauko shafin ya ajiye a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ya yi canjin a can, ya bar mayar da shi kan faifai sai daga baya. To amma ƙwaƙwalwar wucin gadi tana shafewa da zarar an ɗauke wuta. Maganin da aka samo shi ne kundin canje-canje, wanda a PostgreSQL ake kira WAL. Kafin rumbun ya tabbatar wa mai aika kuɗi cewa kuɗinsa sun tafi, sai ya fara rubuta ɗan gajeren bayani a ƙarshen wannan kundi, cewa a shafi kaza an canja kaza zuwa kaza, ya kuma tabbatar bayanin ya zauna a kan faifai. Kamar ɗan tireda ne da ke rubuta kowane ciniki nan take a ƙaramin littafi, sai da dare ya zauna ya mayar da lissafin cikin babban littafi. Ko da barci ya sace shi kafin ya gama, ƙaramin littafin na nan.

Kowane bayani a kundin yana da lambar jeri da ake kira LSN, wadda kullum gaba take yi. Kowane shafi kuma yana ɗauke da lambar canji na ƙarshe da aka yi masa. Lokaci-lokaci rumbun yana yin zango: ya zuba dukan shafukan da aka canja a kan faifai, ya sa alama a kundi cewa daga nan zuwa baya an gama da komai. Idan wuta ta ɗauke, da na'urar ta tashi sai ta koma zango na ƙarshe, ta bi kundin tana maimaita canje-canjen har ta iso inda aka tsaya. Fitaccen tsarin wannan farfaɗowa shi ne ARIES, wanda C. Mohan da abokan aikinsa na kamfanin IBM suka wallafa a 1992. Rabin aikin manhajojin ɗaukar kwafi a kan wannan tsari ya dogara.

Dalilin da kwafe fayil kai tsaye ba ya wadatarwa

A ɗauka ana kwafe rumbun nan mai gigabayit 100 da gudun megabayit 100 a daƙiƙa. Aikin zai ci kusan minti 17, kuma a tsawon wannan lokaci ciniki bai tsaya ba. Shafin da ke ɗauke da asusun wani ɗan kasuwa na Maraɗi yana farkon fayil, an kwafe shi da ƙarfe 10:01 da jika 200 a ciki. Da ƙarfe 10:08 ya aika wa ƙanensa jika 50 a Damagaram. Shafin ƙanen yana can ƙarshen fayil, sai 10:15 aka iso gare shi, lokacin kuɗin sun riga sun shiga. A cikin kwafin, wan yana nan da jika 200 ɗinsa, ƙanen ma ya karɓi 50. An ƙirƙiri jika 50 da babu su. Da shafin ƙanen ne a farko, na wan a ƙarshe, da kuɗin ɓacewa za su yi. Wanda ya taɓa ƙirga tumaki a kasuwar dabbobi alhali suna kai da kawo ya san wannan matsala.

Akwai kuma matsala ta biyu. Faifai yana rubutu ne a gutsure-gutsure, na bayit 512 ko na kilobayit 4. Idan mai kwafi ya karanta shafi daidai lokacin da rumbun ke rubuta shi, zai iya ɗaukar rabi sabo rabi tsoho. Irin wannan yagaggen shafi ba ya karantuwa daidai. Ta uku, canje-canjen da ke ƙwaƙwalwar wucin gadi ba su ma iso fayil ɗin ba tukuna.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kashe rumbun, a kwafe, a sake kunnawa. Wannan yana yiwuwa ga ofishin da ke rufewa da yamma. Banki ko kamfanin waya kuwa ba su da lokacin da za su rufe, don haka aka samar da manyan hanyoyi biyu na ɗaukar kwafi ana tsaka da aiki.

Hanya ta farko: a karanta bayanan, a sake rubuta su a matsayin umarni

pg_dump da mysqldump ba sa taɓa fayilolin faifai. Suna shiga rumbun ne kamar kowane mai amfani, su tambaye shi abin da ke cikinsa, su rubuta amsar a matsayin jerin umarni na harshen SQL: a gina jadawali kaza mai ginshiƙai kaza, a zuba masa waɗannan layuka. Duk wanda ya bai wa sabon rumbu wannan jeri, zai sake gina tsohon daga tushe.

Yadda suke kauce wa matsalar jika 50 ya samo asali ne daga yadda rumbun ke riƙe tsofaffin layuka. A PostgreSQL, idan aka canja layi ba a goge tsohon nan take. Ana rubuta sabo ne, a bar tsohon da alama. Kowane layi yana ɗauke da lambar hada-hadar da ta haife shi da lambar wadda ta soke shi. Da pg_dump ya fara aiki, yana buɗe hada-hada guda ta karatu kawai, rumbun kuma ya ba shi hoton wannan daƙiƙa, wato jerin hada-hadar da aka riga aka kammala. Daga nan har ya gama, ko da aikin zai kai awa biyar, duk layin da aka haifa bayan hoton ba ya ganinsa, duk wanda aka soke bayan hoton kuma a wurinsa yana nan da rai. Idan ya iso asusun ƙanen da ƙarfe 10:15, tsohon layin na ƙarfe 10:00 za a nuna masa. Lissafi ya daidaita, kuma ba a tsayar da kowa ba.

InnoDB yana cimma wannan ta wata hanya: yana canja layin a wurinsa, ya adana tsohon a wani kundi na warware canji, wanda daga cikinsa ake sake haɗa tsohuwar siffar layin ga mai bukata. Idan aka ba mysqldump zaɓin --single-transaction, da wannan yake aiki. Sai dai jadawalin da aka gina da tsohon injin MyISAM ba su da wannan tsari, dole a kulle su a hana rubutu har a gama.

Bayan ya karɓi hoto, pg_dump yana karanta kundin tsarin rumbun don sanin jadawalin da ke akwai da yadda suka dogara da juna, ya jera su ta yadda ba za a nemi gina rufi kafin bango ba. Abin da yake fitarwa kashi uku ne: umarnin gina jadawali, sai bayanan kansu, sai a ƙarshe fihirisa da ƙa'idojin da ke haɗa jadawali da juna. An ajiye fihirisa a ƙarshe ne da gangan, domin gina ta sau ɗaya bayan an zuba layuka miliyan ya fi sauri nesa ba kusa ba a kan gyara ta sau miliyan. Tun fitowa ta 9.3, a 2013, pg_dump yana iya raba aikin ga ma'aikata da dama a lokaci guda. Na farko yana miƙa wa sauran lambar hotonsa, don kowa ya ga daƙiƙa ɗaya.

Hanyar tana da tsadarta. Muddin pg_dump na riƙe da hotonsa, mai sharar rumbun, wato VACUUM, ba zai iya kwashe tsofaffin layukan da hoton ke bukata ba, sai fayiloli su riƙa kumbura. Yana kuma sa ɗan ƙaramin kulle a kan kowane jadawali. Kullen ba ya hana karatu ko rubutu, amma yana hana a sauya fasalin jadawalin ko a rushe shi. Idan wani ya nemi sauya fasalin a lokacin, zai tsaya jira, duk masu zuwa bayansa kuma su yi layi a bayansa, sai a ga manhajar ma'aikata ta daskare ba a san dalili ba. Mayar da kwafin ma yana cin lokaci, tunda sai an sake zuba kowane layi an sake gina kowace fihirisa. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne pg_dump rumbu guda yake ɗauka, ba ya haɗawa da sunayen masu izinin shiga. Waɗannan sai da pg_dumpall.

Amfaninta shi ne kwafin ba ya ɗaure da na'urar da aka ɗauke shi. Ana iya zuba shi a sabuwar fitowar manhajar, ko a wata kwamfuta daban, ana kuma iya zaro jadawali guda daga ciki a bar sauran.

Hanya ta biyu: a kwafe shafukan, a gyara su da kundi

pg_basebackup da XtraBackup da RMAN shafukan faifai suke kwafewa, suna sane da cewa abin da za su samu a hargitse yake. Dabararsu ita ce su tafi da maganin hargitsin tare da shi.

A PostgreSQL, aikin yana farawa da zango. Ana rubuta lambar LSN ta wannan zango a wani ɗan fayil mai suna backup_label. Daga nan manhajar ta shiga kwafe fayiloli ɗaya bayan ɗaya, ciniki na ci gaba. A gefe guda kuma ta buɗe hanya ta biyu tana kwasar duk abin da ake rubutawa a kundin WAL tun daga zangon. Da an gama kwafe fayil na ƙarshe sai a rubuta lambar LSN ta ƙarshe, a tabbatar kundin da aka kwasa ya kai har wurin.

Ranar da aka tayar da rumbu daga wannan kwafi, yana ɗaukar kansa kamar wanda wuta ta ɗauke masa. Zai duba backup_label ya ga inda zai fara, ya bi kundin bayani bayan bayani. A kowane bayani yana gwada lambarsa da lambar da ke kan shafin. Idan lambar shafin ta kai ta bayanin ko ta wuce, canjin ya riga ya shiga, sai ya tsallake. Idan ba ta kai ba, sai ya yi canjin. A misalin da ya gabata, shafin wan da aka kwafe da 10:01 bai ga cirewar jika 50 ba, za a cire. Shafin ƙanen da aka kwafe da 10:15 ya riga ya ga shigarsu, ba za a ƙara ba. Rumbun ba ya buɗe ƙofa ga kowa sai ya kai lambar ƙarshe, domin kafin nan lissafinsa bai daidaita ba. Wannan ya nuna wani bambanci tsakanin hanyoyin biyu: kwafin pg_dump hoton lokacin da aka fara ne, na pg_basebackup kuwa hoton lokacin da aka gama.

Yagaggen shafi kuma ga yadda ake maganinsa. Bayan kowane zango, karo na farko da aka taɓa wani shafi, PostgreSQL yana zuba shafin gaba ɗayansa a cikin kundi. Duk shafin da zai iya yagewa a lokacin kwafi shafi ne da aka canja bayan zangon farawa, saboda haka cikakkiyar siffarsa tana cikin kundin, da ita za a maye gurbin yagaggen. XtraBackup kuwa yana duba lambar tantancewa da ke jikin kowane shafi, idan ba ta yi daidai ba ya sake karanta shafin. A nasa tsarin, maimaita kundin mataki ne na daban da ake kira --prepare, inda ake kuma warware duk hada-hadar da ba a kammala ba.

Irin wannan kwafi yana da saurin ɗauka da saurin mayarwa, tunda fihirisa ma a shirye take zuwa. Amma sai a kan babbar fitowa iri ɗaya ta manhajar da na'ura mai tsari iri ɗaya yake tashi, kuma idan akwai shafin da ya lalace a faifai ba a sani ba, da lalacewar za a kwafe shi.

Komawa daidai wani lokaci

Idan ana iya maimaita kundi na minti 17, ana iya maimaita na kwana bakwai. A kan wannan aka gina komawa zuwa zaɓaɓɓen lokaci, wanda ya shigo PostgreSQL a fitowa ta 8.0 a 2005. Kundin WAL yana zuwa ne a gutsure na megabayit 16. Duk wanda ya cika, rumbun yana aika kwafinsa wata ma'ajiya daban kafin ya sake amfani da wurin.

A ce an ɗauki cikakken kwafi daren Lahadi, ran Alhamis da ƙarfe 3:42 na rana wani ya goge jadawalin albashi bisa kuskure. Mai kula da rumbun zai ɗauko kwafin Lahadi, ya ba shi gutsuren kundi na Litinin zuwa Alhamis, ya umarce shi ya tsaya a 3:41. Kowane bayanin kammala hada-hada yana ɗauke da lokacinsa, don haka rumbun ya san inda zai ja birki. A MySQL kundin binlog ne ke wannan aiki, shi ya sa mysqldump ke iya rubuta matsayin binlog na daidai lokacin da ya ɗauki hotonsa.

Sharaɗin shi ne kada gutsure ko ɗaya ya ɓata. Idan na ranar Talata da safe ya salwanta, tafiya ta ƙare a nan, duk na bayansa ba su da amfani. Haka kuma idan ma'ajiyar da ake aika su ta cika ko hanyar intanet ta yanke, gutsuren za su yi ta taruwa a faifan rumbun har ya cika, rumbun ya tsaya cak.

Kwafin abin da ya canja kawai

A babban rumbu, akasarin shafuka ba a taɓa su daga jiya zuwa yau. Kwafe su kullum ɓarnar wuri ce da lokaci. XtraBackup yana riƙe lambar LSN ta kwafin da ya gabata, ya bi shafuka yana ɗaukar waɗanda lambarsu ta wuce ta. RMAN na iya ajiye wani ɗan fayil da ke lura da wuraren da aka canja, don kada sai ya karanta komai kafin ya gane su. SQL Server na kamfanin Microsoft yana da taswira a cikin fayil ɗin kansa, mai alama guda ga kowane rukunin shafuka takwas, wato kilobayit 64. PostgreSQL ya sami nasa a fitowa ta 17, a watan Satumba na 2024, inda wani ma'aikacin bayan fage ke taƙaita kundin WAL don fitar da jerin shafukan da aka taɓa, manhajar pg_combinebackup kuma ta haɗa guntayen su zama cikakken kwafi.

Tsarin iri biyu ne. Ko dai kowace rana a ɗauki abin da ya canja tun jiya, kwafin ya zama ƙarami amma ranar mayarwa sai an bi sarƙar duka, ko kuma a ɗauki abin da ya canja tun cikakken kwafi na ƙarshe, ya riƙa girma kullum amma guda biyu kawai ake bukata wajen mayarwa.

Rumbun da ke cikin aljihu

Ba sai a banki ake samun wannan ba. Wayoyin Android da iPhone suna aiki da SQLite, ƙaramin rumbun da Richard Hipp ya fara fitarwa a shekara ta 2000. A Android, saƙonnin WhatsApp suna zaune ne a irin wannan rumbu mai suna msgstore.db, kwafin da manhajar ke ɗauka cikin dare kuma kwafinsa ne a rufe da makulli. SQLite na da nata hanyar ɗaukar kwafi ana tsaka da aiki: tana kwafe shafuka kaɗan-kaɗan tana sakin kulle a tsakani, idan kuma wata manhaja ta yi rubutu a tsakiyar aikin sai ta koma farko. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kwafe babban fayil ɗin a manta da ɗan uwansa mai ƙarewa da -wal, alhali sababbin canje-canje suna cikinsa.

Akwai kuma hanyar da ba ta bi ta rumbun ba sam. Tsare-tsaren faifai irin su LVM da ZFS suna iya daskarar da siffar faifai gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ba su kwafe komai a lokacin, sai dai daga nan duk wurin da za a canja ana kiyaye tsohonsa. Rumbun da aka tayar daga irin wannan hoto yana farfaɗowa kamar bayan ɗaukewar wuta, muddin fayilolinsa da kundinsa duk an ɗauke su a daƙiƙa ɗaya. Amma hoton a kan faifan nan yake zaune. Sai an kwashe shi zuwa wani wuri yake zama kwafin ajiya.

Matsewa, tantancewa da rufewa

Kafin kwafi ya isa ma'ajiya, yawanci ana matse shi da gzip ko lz4 ko zstd don ya rage girma. Ana kuma lissafa wa kowane fayil lambar tantancewa daga abin da ke cikinsa, wadda ke sauyawa idan ko harafi guda ya canja. Tun fitowa ta 13, a 2020, pg_basebackup yana haɗa kwafinsa da takardar jerin fayiloli da lambobinsu, pg_verifybackup kuma ya duba ko sun dace.

Rufewa da makulli ma wajibi ne, domin kwafin yana ɗauke da duk sirrin da ke cikin rumbun, ba tare da masu gadin da ke ƙofar rumbun ba. Faifan da aka jefa a aljihun tebur zai iya ƙunsar sunaye da lambobin waya da bayanan rashin lafiyar dubban mutane. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, kuma nauyin tsare bayanan yana kan wanda ya tara su, a rumbu suke ko a kwafi. Makullin kuma sai an adana shi a wani wuri daban, domin idan ya ƙone tare da na'urar, kwafin ya zama ƙofar da ba mai buɗe ta.

Darasi daga GitLab da Strasbourg

A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara rumbun PostgreSQL na biyu, mai bin sawun na farko, sai ya ba da umarnin gogewa a kan na farkon bisa kuskure. Kafin ya tsayar da shi, kusan gigabayit 300 sun tafi. Da aka je ɗauko kwafin pg_dump, ma'ajiyar wayam. Binciken da kamfanin ya wallafa da kansa ya nuna cewa pg_dump na fitowa ta 9.2 ake kunnawa a kan rumbu na 9.6, shi kuwa pg_dump ba ya yarda ya ɗauki kwafin rumbun da ya fi shi sabunta. Ya daɗe yana faɗuwa, saƙonnin gargaɗin da yake aikawa ta imel kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani hoton LVM da aka ɗauka kimanin awa shida kafin kuskuren, don wani aikin gwaji. Bayanan waɗannan awanni shida sun tafi ke nan.

Lamarin ya kuma nuna cewa rumbu na biyu mai bin sawu ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Aikinsa shi ne ya karɓi ragama idan na farko ya mutu, amma duk umarnin da aka zartar a na farko, har da na goge jadawali, cikin daƙiƙoƙi yake maimaita shi.

A daren 9 zuwa 10 ga Maris na 2021 kuma gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke birnin Strasbourg na Faransa. Ta cinye ginin SBG2 ƙurmus, ta taɓa wani sashe na SBG1. Wasu abokan cinikin kamfanin sun tarar cewa kwafinsu na ajiya a wannan cibiya yake, ya ƙone tare da na asali. Saboda irin wannan ne masu sana'ar ke bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku na bayanan, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa. A ƴan shekarun nan an ƙara da cewa ɗaya ya kasance wanda ba a iya gogewa ko canjawa ta intanet, domin masu kutsen da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa sukan fara lalata kwafin ajiya kafin su bayyana kansu.

Tambayoyin da shugaban ma'aikata zai yi

Ba sai shugaban asibiti ko na asusun ajiya da bashi ya iya SQL ba kafin ya san ko bayanansa na cikin aminci. Tambaya ta farko: idan na'urar ta mutu yanzu, aikin awa nawa zai salwanta? Mai ɗaukar pg_dump sau ɗaya a dare zai iya rasa aikin yini guda, mai aika gutsuren kundi a kai a kai kuma mintoci ne. Ta biyu: awa nawa za a ɗauka kafin a dawo aiki? A nan sai an lissafa har da lokacin sauko da kwafin, domin gigabayit 100 a kan layin intanet mai megabit 10 a daƙiƙa yana cin kusan awa 24, in wuta da layin ba su yanke ba. Shi ya sa ake ajiye kwafi guda kusa don sauri, guda kuma nesa don gobara da ambaliya da sata.

Ta uku: yaushe aka yi gwajin mayarwa na ƙarshe, kuma wa ya duba sakamakon? Lambar tantancewa tana nuna cewa fayil bai lalace a hanya ba, amma ba ta nuna cewa an ɗauki abin da ya kamata. Gwajin da ke tabbatar da haka shi ne a tayar da kwafin a wata na'ura daban, a ƙirga layukan manyan jadawali, a haɗa jimillar kuɗin asusu a gwada da ta rumbun asali, a rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci. Ma'aikatu da dama suna sa kwamfuta ta riƙa yin wannan gwaji da kanta kowane mako, ta aika da sakamako ko an yi nasara ko ba a yi ba, ta yadda ranar da saƙon bai zo ba za a tashi a bincika.